Na kashe busta ta ƙafar EN, amma wuta ta ƙi ɗaukewa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na haɗa wa rautar shagonmu batirin ajiya saboda ɗauke wuta. Tsofaffin batiran laptop ne 18650 guda 3, na haɗa su ja da ja, baƙi da baƙi, sai ɗan fanel ɗin busta, wato mai ɗaga wuta, na MT3608 yana ɗaga wutar zuwa bolt 12. Makunnin da nake da shi ƙarami ne, shi ya sa na sa shi a ƙafar EN, wato ƙafar kunnawa da kashewa, ta aisin (IC) da ke kan fanel ɗin. In na kashe, wutar fita tana saukowa a hankali daga 12 ta tsaya a 3.7, alhali batirin yana 3.9. Fitilar rautar tana ɗan ƙyaftawa, bayan kwana biyu kuma batiri ya zube. Na canza fanel, duk haka. Jabu ake sayar mini ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka daina sayen sabon fanel, asarar kuɗi kawai kake yi. Ko daga hannun wanda ya ƙera shi ka karɓo, haka zai yi maka. Abin da ka gani ɗabi'ar wannan nau'in busta ce, kuma lambobin da ka kawo, 3.7 a fita da 3.9 a batiri, su da kansu sun nuna inda wutar take bi.

Ɗauko fanel ɗin ka kai shi haske, ka bi layin jan ƙarfen da ido tun daga inda aka rubuta VIN+. Za ka ga ya shiga kwayil, wannan dunƙulen mai kusurwa huɗu da a yawancin fanel ɗin aka rubuta 220 a kansa, wato maikrohenri 22. Daga kwayil layin ya wuce zuwa dayod, mai barin wuta ta wuce ta ɓangare ɗaya kawai, wanda aka rubuta SS34 a kansa, daga dayod kuma kai tsaye sai OUT+. To, a ina aisin yake a kan wannan hanya? Ba ya kanta. A gefe yake tsaye. Ƙafarsa ta 1 ce kawai take manne a mahaɗar kwayil da dayod, aikinsa kuma shi ne ya riƙa jawo wannan mahaɗa zuwa nagatif yana saki, sau miliyan 1 da dubu 200 a daƙiƙa guda. Duk lokacin da ya ja, kwayil ya tara ƙarfi. Duk lokacin da ya saki, kwayil ya tunkuɗa abin da ya tara ta cikin dayod zuwa kafasitar fita, wadda ke tara wutar, a kan ƙarfin da batiri yake da shi. Haka 3.9 take zama 12.

Da ka kai ƙafar EN ƙasa, abin da ka gaya wa aisin shi ne ya daina ja da saki. Ya kuma daina, bai saɓa maka ba. Takardar bayaninsa ta ce a wannan hali abin da shi kansa yake sha bai wuce maikroamfiya 1 ba. Amma kwayil, idan ba a girgiza shi, waya ce kawai da aka naɗe. Dayod kuma yana fuskantar fita, ƙofarsa a buɗe take ta wannan ɓangare. Saboda haka batiri yana kaiwa har bakin rautarka ba tare da ya nemi izinin kowa ba, sai ɗan abin da dayod ya cire. Irin wannan dayod na Schottky yana cin kusan bolt 0.2 zuwa 0.3 idan abin da ke wucewa kaɗan ne. Cire 0.2 daga 3.9, ga 3.7 ɗinka. Kamar tankin ruwa ne a saman gini, da injin ƙara matsi a tsakiyar bututu: ka kashe injin, ƙarfin feshin ya ragu, amma ruwa zai ci gaba da zuba da nauyin kansa har sai ka rufe bawul.

Kafin mu je ga gyara, akwai abin da ya fi zubewar batiri damuna a wannan haɗin naka. Tunda hanyar nan a buɗe take ko da yaushe, idan wayoyin fita suka haɗu, ko jakin rautar ya taɓa ƙarfe, batiran nan 3 za su juye duk ƙarfinsu ta cikin kwayil da dayod, ko makunninka yana kashe ko yana kunne. Aisin ba shi da yadda zai yi ya tsayar da wannan, domin ba ta cikinsa wutar take bi ba. Batirin 18650 ɗaya ma yana iya sakin amfiya masu yawa in an haɗe bakinsa, balle 3. Waya za ta yi ja, roba ta narke, kuma a shago ne da ake rufewa a tafi gida. Don Allah, ko ba ka yi komai cikin abin da zan faɗa ba, ka sa fiyus na amfiya 3 a jan wayar, dab da batirin, yau ɗin nan.

Yanzu ga batun zubewar batiri. Mutane da yawa kan ɗora laifin a kan rasistocin da ke gaya wa aisin ƙarfin fita, wato shuɗin maɓallin da ake murɗawa da ɗan rasistan da ke ƙarƙashinsa. Lissafi bai goyi bayan wannan zargi ba. A fanel ɗin da aka fi samu, na ƙasan kilo-om 2.2 ne, aisin kuma yana neman bolt 0.6 a ƙafarsa ta 3. Don a samu 12, na saman zai tsaya kusa da kilo-om 42, jimilla 44. Bolt 3.7 a kan kilo-om 44 bai fi maikroamfiya 84 ba, abin da zai shafe shekaru kafin ya ƙarar da batiri mai lafiya. Mai shan wutar ita ce rautar. A cikinta akwai nata ƙananan masu saukar da wuta, daga 12 zuwa 3.3 da abin da ya yi ƙasa. Wasu rautoci in sun ga 3.7 sukan yi shiru. Wasu kuwa sukan yi ta yunƙurin tashi: su fara, wuta ta gaza, su faɗi, su sake farawa. Ƙyaftawar fitilar da ka gani ke nan. A ce miliamfiya 100 kawai take ja a wannan hali. A awa 48 ta sha miliamfiya-awa 4,800, tsofaffin batiran laptop 3 kuwa da wuya su riƙe fiye da haka. Ban da batiri, wannan tashi da faɗuwar ba alheri ba ne ga rautar kanta, domin ma'ajiyar da saitinta yake ciki ba ta son wutar da ba ta cika ba.

Ba sai ka yarda da ni a baki ba, ka auna. Juya mita zuwa amfiya, ka yanke jan wayar batiri ka sa mitar a tsakani, makunni a kashe. Duba lambar da rauta a jone, sannan ka zare jakinta ka sake dubawa. Za ka ga ta faɗo daga miliamfiya masu yawa zuwa ƙasa da 1.

Saukowar da ka ce wutar tana yi a hankali daga 12 wani abu ne daban, kuma ba ciwo ba ne. Kafasita ce take sauke abin da ta tara. Tsawon lokacin ya dogara da girman kafasitar da kuma abin da ke shan ta: ka ninka om da farad, ka samu daƙiƙoƙin da wutar za ta ɗauka ta sauko zuwa kusan kashi 37 cikin 100. Ta kan fanel ɗin maikrofarad 22 ce, da kilo-om 44 ɗin nan lissafin ya ba da kusan daƙiƙa 1. Idan kuwa ka ƙara babba mai maikrofarad 1,000 a fita, kamar yadda da yawa suke yi, kuma babu lodi, lissafin ya koma daƙiƙa 44, in an cire batiri sai an yi kusan minti 4 kafin ta sauke gaba ɗaya. Manyan kafasitocin nan masu ruwa a ciki suna da wata ɗabi'a kuma: ka sauke su da sauri ka saki, bayan ɗan lokaci mita ta nuna wuta kaɗan ta dawo. Sinadarin cikinsu ne yake sako ragowar abin da ya riƙe, ba wata ɓoyayyiyar hanya ba ce.

Daga nan za ka iya karanta duk wata busta da aka kashe ta lambar da ta nuna. Idan fita ta tsaya ƙasa da batiri da ɗan kaɗan, hanyar kwayil da dayod ce. Idan ta fi batiri amma tana sauka, kafasita ce. Idan ta fi batiri kuma ta tsaya cak, to aisin bai mutu ba, yana aiki, matsalar tana ƙafar EN. Wannan na ƙarshe yana yawan faruwa, saboda a fanel ɗin nan ƙafa ta 4, wato EN, da ta 5, ta shigar wuta, a haɗe suke tun daga masana'anta, kuma aisin bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Mutum zai ɗaga ƙafar da bakin ayan, ya ga kamar ta rabu, alhali wani siririn zaren dalma yana nan a ƙarƙashi. Sa bakin mita a kan ƙafar kanta: don ya mutu tana bukatar ta sauko ƙasa da bolt 0.4, don ya tashi ta haura 1.5. Kada kuma a bar ta a sake ba a haɗe da komai ba. A ɗaure ta da rasista mai kilo-om 100 zuwa ɓangare ɗaya, makunni ya ja ta zuwa ɗayan. In kuma ka ga fita ta yi daidai da batiri babu bambancin ko ɗigo, ga fanel yana zafi in an kunna, ka cire dayod ɗin ka gwada shi, mai yiwuwa ya haɗe.

Mita ita ma tana ruɗar mutane, ba don ta lalace ba. Yawancin mitocin dijital suna da juriyar megaom 10 a bakinsu, wato kusan ba sa shan komai. Maikroamfiya 1 kacal da ta yoyo ta wani wuri ta isa ta sa mita ta nuna har bolt 10. Dayodin Schottky kuwa an san su da yoyo ta baya, kuma yoyon yana ƙaruwa sosai da zafi, abin da duk mai aiki a cikin shagon kwano a watan Afrilu ya kamata ya sa a ransa. Shi ya sa ba na yarda da wutar da na gani a layin da aka kashe sai na ɗora mata lodi. Rasista mai om 100 ya isa. Idan lambar ta faɗi sifili ta zauna, wutar yoyo ce ko ragowar kafasita. Idan ta tsaya, kamar yadda taka za ta tsaya kusa da 3.6, akwai hanya ta gaske. Daga nan sai ka cire batirin. In ta mutu, daga batiri take. In ba ta mutu ba, wani ne yake shigo da ita ta baya, sai ka riƙa zare sauran wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ka kama shi.

To gyara. Abin da kake bukata shi ne abin da zai yanke hanyar da gaske, kuma wurinsa tsakanin batiri da VIN+. Na fahimci dalilin da ya sa ka guji sa ƙaramin makunninka a nan, kuma ka yi daidai. Rautar da ke shan rabin amfiya a bolt 12 wat 6 take ci. In ka ƙara asarar busta, batiri mai 3.7 zai riƙa ba da kusan amfiya 2. Ƙananan makunnan turawa ba a yi su don wannan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi makunni mai ɗaukar amfiya 5 ka sa a jan wayar bayan fiyus, ka mayar da ƙafar EN inda take, magana ta ƙare.

Idan kuwa dole sai ƙaramin makunni, ko kana son wani aisi ya riƙa kunnawa da kashewa, to mosfet nau'in P, wato makunnin lantarki mai ƙafafu uku, S da D da G, shi ne abokin aikinka. AO3401 ya dace: yana buɗewa sosai da wutar batirin lithium ɗaya, juriyarsa ba ta kai om 0.1 ba. Ƙafar S ta tafi batiri, ƙafar D ta tafi VIN+ na busta. Sa rasista mai kilo-om 100 daga G zuwa S, shi zai riƙe shi a kashe. Daga G kuma rasista mai kilo-om 10 ya tafi makunninka, makunni ya tafi nagatif. Ƙara kafasita mai nanofarad 100 tsakanin G da S don ya buɗe a hankali, kada kafasitocin busta su fizgi wuta da ƙarfi lokaci guda. A amfiya 2 zai ɗan yi ɗumi, ka ba shi faɗin jan ƙarfe ko ka haɗa guda 2 gefe da gefe. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na farko juya S da D: kowane mosfet yana da dayod a cikin jikinsa, in ka juya shi wutar za ta bi ta wannan dayod, ka koma inda ka fito, da wuta a fita bayan ka kashe. Na biyu ɗauko manya irin IRF9540 ko IRF4905 saboda sun fi cika ido. Waɗannan sai wutar G ta kai tsakanin bolt 2 da 4 suke fara buɗewa ma, cikakken buɗewa kuma sai kusan 10. Da batiri mai 3.7 rabi za su buɗe, su yi ta zafi.

Ban ba ka shawarar yanke baƙar waya ba, domin duk ranar da ka jona caja ko wani abu mai nagatif ɗaya da rautar, wutar za ta sami hanyar komawa ta can.

Wani zai ce, me ya hana a sa makunnin a fita, tunda a can amfiyar ta fi kaɗan? Ana iya yi, amma da sharaɗi, kuma a nan ne na fi ganin ana ƙona kaya. Dole makunnin ya zo bayan kafasitar fita da rasistocin da ke auna wuta, wato a kan wayar da ta bar OUT+. Idan mutum ya yanka layin fanel ɗin ta yadda rasistocin suka koma ɓangaren lodi, da ya kashe makunni ƙafa ta 3 za ta ga sifili. Aisin zai ɗauka wuta ta gaza, ya ƙara ƙaimi iya ƙarfinsa, fita ta yi ta hawa ba mai gaya masa ya isa, har ta wuce bolt 30 da ƙafarsa ta 1 za ta iya jurewa, ko kafasita ta riga shi mutuwa. Haka nan idan aka yanke tsakanin kwayil da kafasita yayin da wuta ke gudu: kwayil ba ya yarda a tsayar da shi farat ɗaya, zai ɗaga ƙarfi har sai ya fasa wani abu ya wuce. In kafasita tana wurinta kuwa, abin ba shi da yawa. Kwayil mai maikrohenri 22 da amfiya 2 a cikinsa maikrojul 44 ya tara, wanda a kan maikrofarad 22 bai fi ya ɗaga 12 da 'yan ɗigo ba. Ko da an sa makunnin fita daidai, bustar za ta ci gaba da aiki tana shan batiri a banza, sai an haɗa da kashe EN. Shi ya sa na fi son a yanke daga shiga.

Ga mai sabon zane, akwai aisin da aka gina da wannan yankewar a cikinsu. TPS61023 da TPS61090 na kamfanin Texas Instruments suna raba fita da batiri idan an kashe su, sai dai iyakarsu wajen bolt 5 ne, ba za su ba ka 12 ba. Akwai kuma tsarin da ake kira SEPIC, irin fanel masu kwayil 2 da kan zo da XL6009, inda kafasita take tsakiyar hanya, wutar batiri ba ta iya ratsa ta in aisin ya tsaya. Amma takardar XL6009 daga bolt 5 ta fara lissafin shigarsa, don haka bai dace da batirin lithium ɗaya ba, duk abin da mai sayarwa ya rubuta.

Tunda kana wannan sana'a, gobe za ka haɗu da ɗan'uwan wannan matsala a masu saukar da wuta, irin MP1584 da MP2307 da ake sauke batirin sola daga 12 zuwa 5 da su. A can aisin yana kan hanya, don haka kashe shi yana yanke shiga daga fita. Amma dayod ɗin jikin mosfet ɗinsa yana fuskantar baya. Ka haɗa fitarsa da fanel ɗin Arduino, ka cire batirin sola, ka jona Arduino da laptop ta USB: za ka auna kusan bolt 4.4 a ɓangaren 12, duk abin da ke wannan layi yana shan wutar laptop ɗinka. Maganinsa dayod a fita ko a zare waya ɗaya kafin a jona USB. Haka kuma wayar sigina ɗaya tak daga na'urar da ke kunne zuwa wadda aka kashe tana iya ɗaga layin wutar ta biyun zuwa kusan 2.7 in siginar bolt 3.3 ce, ta cikin dayodin kariya da ke yawancin ƙafafun aisi. Ka kuma kula da LM2596: ƙafarsa ta 5 akasin MT3608 take aiki, ƙasa kunnawa ce, sama kashewa.

Duk abin da ya faru cikin ƙiftawar ido lokacin kashewa, mita ba za ta nuna maka ba, domin sau 2 ko 3 kawai take sabunta lamba a daƙiƙa. Wannan aikin osiloskof ne, a saita shi ya kama sau ɗaya ya tsaya. Ƙananan nan irin DSO138 sun isa ganin yadda kafasita ke sauka, amma iyakarsu kilohaz 200, ba za su ga siririn tsallen kwayil ba.

Saura batiran. MT3608 ba ya tausayin batiri, zai yi ta ja har wajen bolt 2, alhali 18650 bai kamata ya sauka ƙasa da 2.5 ba. Idan fanel ɗin cajinka TP4056 ne mai aisin kariya DW01, ka tabbata bustar a OUT+ da OUT- take, ba a B+ da B- ba, in ba haka ba ka tsallake kariyar gaba ɗaya. Waɗanda suka riga suka zube, raba su ka auna kowanne shi kaɗai. Wanda ka samu ƙasa da bolt 2, ko yake zafi a caji, ko ya cika ya sauka da kansa cikin 'yan kwanaki ba lodi, ka fitar da shi daga haɗin.

Bayan ka sa fiyus da makunni ko mosfet ɗin, ka maimaita awon farko da rauta a jone. Fita ta sauko sifili cikin 'yan daƙiƙoƙi, fitilar ta mutu gaba ɗaya, amfiyar batiri kuma ta tsaya a 'yan maikroamfiya ko ƙasa. Idan ka ga saɓanin haka, abu na farko da za ka duba shi ne ko S da D sun juye. Allah ya ba da sa'a.